Tambayoyi da amsoshi kan sauya na'urar naɗar faifai ta cikin kwamfutar tebur

Shin kowace na'urar naɗar faifai za ta iya aiki a kowace kwamfuta?

A'a. Wannan na'ura, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira raita, tana haɗuwa da babban allon kwamfuta ne ta ɗayan hanyoyi biyu. Tsohuwar hanya ita ce IDE, wadda ake kuma kira PATA, mai faffaɗar waya kamar ɗamara da soket mai fil 40. Sabuwar ita ce SATA, wadda ta fito a shekarar 2003, mai siririyar waya da fil 7. Bakin ɗaya ba ya shiga na ɗayar ko kaɗan. Kusan duk raitar da za a samu sabuwa a yau ta SATA ce, yayin da allunan zamani suka daɗe da daina zuwa da soket ɗin IDE. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya je kasuwa bai fara kashe kwamfutarsa, ya cire ta daga wuta, ya buɗe murfin gefe ya duba da idonsa ba.

Idan kwamfutar tsohuwa ce mai IDE kaɗai, mene ne mafita?

Ana iya neman raita ta hannu mai IDE, ko a saka katin da ke ƙara soket ɗin SATA, ko kuma a yi amfani da adafta. Wanda ya zaɓi kati ya tabbatar katin yana karɓar na'urorin faifai, domin wasu an ƙera su ne don ma'ajiyar bayanai kawai, ba sa fahimtar umarnin ATAPI da raita ke aiki da shi. Wanda kuma ya zauna a kan IDE kada ya manta da ɗan makullin roba da ke bayan na'urar, inda aka rubuta MA (na'ura ta farko) da SL (ta biyu) da CS (waya ce ke zaɓa). Idan na'urori biyu suna kan waya ɗaya, dole ɗaya ta zama a kan MA ɗayar a kan SL, ko duka biyun a kan CS; in ba haka ba kwamfutar na iya ƙin ganin kowacce.

To batun wuta fa?

Raitar IDE tana shan wuta ta soket mai fil 4 da ake kira Molex, ta SATA kuwa ta soket mai fil 15. Akwai wayar da ke mayar da na farko zuwa na biyu, amma a nan ina jan kunne sosai: masu arha daga cikinsu, musamman waɗanda aka narka roba a kan bakinsu, an san su da yin zafi har su ƙone. Idan akwatin wutar kwamfutar yana da bakin SATA da ba a amfani da shi, shi ya kamata a ɗauka.

Girman na'urar yana da muhimmanci?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Babbar raita tana shiga gurbi mai faɗin inci 5.25 a gaban akwati. Sai dai da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin ƙananan Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, siririyar raita suke ɗauka irin ta laftof, mai kaurin milimita 12.7 ko 9.5. Waɗannan biyun ma ba sa maye gurbin juna yadda ya kamata, kuma bakinsu daban ne: SATA ce ƙarama mai fil 13 da ta haɗa bayanai da wuta wuri guda, tana kuma shan wutar volt 5 kaɗai, alhali babbar tana buƙatar volt 5 da 12. Sau da yawa akwai ƙarfen riƙewa da murfin gaba da aka yi wa wannan samfurin kaɗai, don haka a kwance su daga tsohuwar a mayar kan sabuwar, kada a zubar. A ƙaramin akwati a auna har tsawon gurbin, kada bayan raitar ya tokare akwatin wuta. Yawancin akwatunan zamani kuwa ba su da gurbin gaba ɗaya, kuma mai irinsu raitar waje ta USB ce ta dace da shi.

Tsohon soket ɗin SATA zai rage wa sabuwar raita gudu?

Ba zai rage ba. SATA ta farko tana ɗaukar kusan megabait 150 a daƙiƙa, raitar DVD mai gudun 24x kusan 33 kawai, ta Blu-ray mai 16x kuma kusan 72. Dukkan zubin SATA uku suna aiki da juna.

An haɗa komai daidai amma kwamfutar ba ta ga raitar ba. Me ya faru?

A fara da BIOS, wato shafin saitin allo da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, a duba ko an kashe soket ɗin a can. A wasu alluna, da zarar an saka ma'ajiyar bayanai a ƙaramin gurbin da ke kan allon da ake kira M.2, sai soket ɗaya ko biyu na SATA su daina aiki, kuma littafin allon yana bayyana waɗanne ne. A gwada wani soket da wata waya kafin a yanke hukuncin cewa raitar ce ta lalace. Ba a buƙatar saka manhajar direba ta musamman, domin Windows da Linux suna gane ta da kansu.

Waɗanne faifai sabuwar za ta iya naɗa?

Raitar DVD tana naɗa CD mai megabait 700, da DVD mai gigabait 4.7, da mai hawa biyu mai 8.5, kuma na'urorin yanzu suna karɓar DVD-R da DVD+R duka, abin da na farko-farko ba duka suke yi ba. Amma ba za ta taɓa karanta Blu-ray ba, saboda hasken lesarta ja ne mai tsawon nanomita 650, na Blu-ray kuwa 405. Faifan Blu-ray na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, masu 100 da 128 kuma sai raitar da aka rubuta wa BDXL.

Me ya sa fim ɗin asali yake ƙin buɗewa bayan an sauya raita?

Dalili biyu ne suka fi yawa. Na farko, tun daga Windows 8 kamfanin Microsoft ya cire manhajar kallon DVD daga cikin tsarin, sai an saka wata kamar VLC. Na biyu shi ne lambar yanki: Amurka tana yanki na 1, Turai na 2, Najeriya da Nijar da mafi yawan Afirka na 5. Raita tana ba da damar sauya yanki sau biyar ne kawai, daga nan sai ta kulle a kan na ƙarshe, kuma sake saka Windows ba ya buɗe ta, domin ƙidayar tana cikin na'urar ne. Mai sayen raita ta hannu ya duba sau nawa suka rage a cikin bayananta kafin ya biya. Wannan kulle bai shafi faifan da mutum ya naɗa da kansa ba, kamar na hotuna ko bidiyon biki.