Tuƙin babur da haɗarin dabbobi a hanyoyin Zariya

Karo da dabba na daga cikin haɗurran da masu babur ke fuskanta a Zariya da kewayenta, musamman da zarar an fita daga cikin gari. Babur, wanda jama'a suka fi kira mashin, shi ne ƙafar talaka a ƙasar Zazzau: ɗan acaba na neman abinci da shi, manomi na ɗora buhun taki a kansa, ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello na hawa daga Samaru zuwa Kongo. Abin hawa ne mai taya biyu, ba shi da gangar jikin da za ta kare mutum, don haka akuyar da mota za ta buge ta wuce tana iya kayar da mai babur.

Dabbobin da ake haɗuwa da su

A cikin gari, wato Tudun Wada, Sabon Gari da cikin birni, awaki da tumaki da kaji da karnuka ne suka fi yawa. A hanyoyin Shika da Giwa zuwa Funtuwa, da ta Soba da Pambeguwa zuwa Jos, garken shanu kan tsallaka titi, galibi da rani lokacin da makiyaya ke neman ruwa da ciyawa a fadamun kogin Galma. Namun daji na yankin ƙanana ne: zomo, kurege, gafiya, damo, bushiya, zabin daji da macizai. Da damina ciyawa da dawa da masara kan yi tsawo har bakin hanya, sai dabba ta faɗo ba a hange ta ba. Da hunturu kuma hazo ne ke rage gani. Asuba da almuru su ne lokutan da suka fi haɗari, domin a sannan dabbobi ke zirga-zirga, haske kuma ya yi ƙaranci.

Dabarun kauce wa haɗari

Sau da yawa ba dabbar ce ke kayar da mutum ba, firgita ce. Zomo ya gilma, mai tuƙi ya fizge kan babur ko ya danne birki gaba ɗaya, taya ta zame a kan yashi ko tsakuwa. Idan dabbar ƙarama ce kuma ta riga ta zo gab, ya fi aminci a riƙe kan babur da kyau, a miƙe, a rage gudu. Ido kuma ya kalli inda ake son bi, domin babur yana bin inda ido ya kafe.

Gudu shi ne tushen lamarin. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninka huɗu. Birkin gaba ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, amma masu babur da dama na tsoronsa, suna dogara da na ƙafa kaɗai. Wannan kuskure ne babba. Daidai shi ne a haɗa su biyun, a matsa na gaba a hankali.

Garken shanu kuwa tsayawa ake yi a jira. Yin oda ko murza totur na iya razana su, kuma saniya mai ɗan maraƙi ba ta da haƙuri. Akuya in ɗaya ta tsallaka, a sa ran 'ya'yanta na biye. Da dare, ƙyallin ido a gefen hanya alama ce ta rage gudu, kuma fitila mai lafiya wajibi ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, sai dai har yau ba kowa ke sawa ba, duk da cewa raunin kai ne ya fi kashe masu babur.

Daɗin tuƙi

Masu sha'awar babur kan yaba fita da hantsi bayan an yi ruwa, a nufi wajen Dutsen Kufena ko a bi hanyar burji tsakanin gonaki, ana jin ƙanshin ƙasa da sanyin fadama a jiki, ana gaisawa da manoma ba gilashi a tsakani. A irin wannan tafiya ta sannu ne ake ganin balbela na bin shanu da zabi na ruga cikin ciyawa.