Waiwaye: Yadda Araha Ta Shiga Zanen Sassan Inji

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, kowace bindiga a Turai da nata sassan da ba sa shiga wata, domin da magagari maƙeri yake goge kowane ƙarfe har ya zauna da ɗan'uwansa. Idan kunama ta karye a fagen daga, sai an nemo maƙeri. A 1785 wani maƙerin Faransa, Honoré Blanc, ya nuna cewa za a iya cakuɗa sassan bindigogi da yawa a sake harhaɗa su ba tare da guga ba, kuma Thomas Jefferson, jakadan Amurka a ƙasar, ya aika wa gwamnatinsa labari. An fi jingina wannan nasara ga Ba'amurke Eli Whitney, wanda ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 a 1798 bai gama ba sai 1809, alhali John Hall ne ya tabbatar da abin a masana'antar makaman gwamnatin Amurka da ke Harpers Ferry cikin shekarun 1820.

Sauran aikin na ma'auni ne. Joseph Whitworth ya tsayar wa Ingila tsagin noti iri ɗaya a 1841, sannan Carl Johansson na Suwidin ya ƙera tubalan awo na ƙarfe, har Henry Ford ya ɗauke shi aiki a 1923. Layin harhaɗa mota da Ford ya kafa a 1913, wanda ya rage aikin awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, ba zai taɓa tafiya ba da ma'aikata na tsayawa gyaran sassa.

To amma daidaito da tsadarsa yake zuwa, kuma nan ne tunanin injiniyoyi ya juya. Babu injin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida, saboda haka mai zane yana rubuta rangwamen da ya yarda da shi a kan kowane awo. Duk sanda ya matse rangwamen, ya jawo ƙarin guga, ƙarin dubawa da ƙarin kayan da za a zubar, ko da sashen ba ya buƙatar hakan. A ganina, mafi yawan asarar masana'anta tun a kan takardar zane ake ƙulla ta.

Lawrence Miles na kamfanin General Electric na Amurka ya fara bin diddigin wannan a 1947, yana auna kuɗin kowane sashe da aikin da yake yi. Daga baya, wajen 1980, Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst suka tsara tambayoyi uku ga mai zane: shin sashen yana motsi dabam da maƙwabtansa, shin dole ne a yi shi da wani abu dabam, kuma shin sai an raba shi kafin a iya harhaɗawa ko gyara? Sashen da amsarsa ta zama a'a a duka ukun, sai a haɗe shi da na kusa da shi.