Suna da Shaida a Bangaskiyar Kirista

Suna, a koyarwar Kirista, yana ɗauke da ma'ana biyu da Hausa ma ta haɗa su a kalma ɗaya: abin da ake kiran mutum da shi, da abin da ake faɗi a kansa idan ba ya nan. Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, ya ɗauki duka biyun da nauyi.

A cikinsa, sauya suna alama ce ta sabon kira. Allah ya mai da Abram Ibrahim, uban al'ummai masu yawa (Farawa 17:5). Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar da ya kwana yana yi a mashigin Yabbok. Yesu ya kira Siman da Bitrus, wato dutse, tun kafin halinsa ya kai ga sunan, don kuwa mutumin nan ya yi musun saninsa har sau uku. Sunan Yesu kansa na nufin Ubangiji yana ceto (Matiyu 1:21).

Wannan fahimtar ce ake gani a zanen suna na Kiristocin Kaduna, daga Wusasa zuwa Kagoro, har unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi. Fasto yakan karɓi jariri a hannu, ya yi addu'a, ya furta sunan a gaban dangi, matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su ɗau waƙa. Wasu iyaye sukan ɗauko Istifanus ko Rifkatu daga Nassi. Wasu kuwa labarin gidansu suke bayarwa: macen da ta daɗe ba ta samu haihuwa ba ta sa wa 'yarta Godiya, wanda ya fita daga wahala ya ce Alheri.

Game da ma'ana ta biyu, Karin Magana 22:1 ta fifita suna mai kyau a kan dukiya mai yawa. Sai dai Nassi ya bambanta shi da neman shahara, kuma a nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Masu ginin hasumiyar Babila suna suka so yi wa kansu, aka warwatsa su. Yesu ma ya gargaɗi wanda kowa ke yabonsa (Luka 6:26). Shi ya sa a coci aka fi cewa "shaida" idan ana maganar suna mai kyau. Manzo Bulus ya sharɗanta wa shugaban ikilisiya kyakkyawar shaida har daga waɗanda ke waje (1 Timoti 3:7). A gari kamar Kaduna, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya, na wajen nan shi ne maƙwabci da abokin ciniki, wanda ya san ko dattijon coci yana cika mudu, ko yana biyan bashi.

Wanda ya ɓata sunansa kuwa, ikilisiyoyi da yawa sukan sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi na wani lokaci daga cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Idan ya tuba, a maido shi a gaban jama'a, a kira shi da sunansa.