Shiga makarantar gwamnati a New York: abin da doka ta ba yaro da abin da take nema wajen iyaye

A farkon watan Satumba ne makarantun gwamnati na birnin New York ke buɗewa, kuma kowace shekara akan samu iyalai daga Najeriya da Nijar da Gana, musamman a unguwannin Bronx da Harlem, waɗanda wannan ne karon farko da za su kai yaro makaranta a Amurka. Hankalin yawancinsu yakan tafi kan jaka da takalmi da littattafai, alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana yaro shiga aji. Adireshin gida da katin rigakafi su ne dokar ta fi dubawa.

A Amurka galibi ba gwamnatin tarayya ce ke gudanar da makarantun firamare da sakandare ba. Jihohi ne ke kafa dokokin ilimi, sannan su raba ƙasarsu zuwa gundumomin makarantu, waɗanda yawansu a faɗin ƙasar ya haura 13,000, kuma babban kaso na kuɗin da ake tafiyar da su yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na yankin. Wannan ne ya sa tambayar farko da ake yi wa uba ko uwa a ofishin rajista ita ce inda suke zaune. A jihar New York, duk wanda ya wuce shekara 5 kuma bai kai 21 ba, matuƙar bai kammala sakandare ba, yana da haƙƙin karatu kyauta a gundumar da yake zaune. A cikin birnin ana neman shaidar zama guda biyu, kamar takardar haya da takardar kuɗin wuta ko ta gas. Wanda yake zaune a gidan ɗan'uwa, ba sunansa a takardar haya, yana iya cike takardar rantsuwa da ke tabbatar da zamansa a wurin. Bai kamata a ari adireshin wani don samun makarantar da ake yabawa ba, domin idan bincike ya gano hakan ana iya cire yaron a tsakiyar zango, kuma shi ne zai sha wahalar.

Abin da ya fi tsoratar da iyaye shi ne batun takardun zama a ƙasa, kuma a nan doka ta fito fili. A shekarar 1975 jihar Texas ta yi dokar da ta ba gundumomi damar ƙin karɓar yaran da ba su da izinin zama, har gundumar Tyler ta sa wa irin waɗannan yara kuɗin makaranta dala 1,000 a shekara. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Yunin 1982, a shari'ar da aka sani da Plyler da Doe, ta soke dokar da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Hujjar kotun ita ce kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum da ke cikin jiha kariya daidai, kuma ba adalci ba ne a hukunta yaro saboda matakin da iyayensa suka ɗauka. Ƙa'idojin jihar New York sun ƙara da cewa ba a tambayar matsayin shige da fice na yaro ko na iyayensa a lokacin rajista. Ana amfani da fasfo ko takardar haihuwa don tabbatar da shekarun yaro ne kawai.

Akwai kuma dokar tarayya ta McKinney-Vento ta 1987, wadda ta shafi yaran da ba su da tsayayyen matsuguni. Mutanenmu sukan ji nauyin sa kansu a wannan rukuni, to amma ma'anarsa a doka ta haɗa da iyalin da ke gidan tallafi, da wanda ƙuncin rayuwa ko rasa muhalli ya sa ya raɓa a ɗakin dangi. Yaron da ke cikin wannan hali ana karɓarsa nan take ko da babu takardu a hannu, yana iya ci gaba da tsohuwar makarantarsa idan iyalin suka ƙaura, kuma kowace gunduma tana da jami'in da aka ɗora wa wannan aiki.

Rigakafi ne wurin da makaranta ke da ikon mayar da yaro gida, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Jihar New York tana buƙatar rigakafin shan-inna da ƙyanda da hangum da mashaƙo da ciwon hanta da ƙarambau, da wasu kaɗan bayansu, sannan na sanƙarau daga aji bakwai. Doka ta ba da kwana 14 daga ranar shiga makaranta a kawo shaida, ana kuma iya ƙara wa'adin zuwa kwana 30 ga wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa. Tun watan Yunin 2019, bayan ɓarkewar ƙyanda a Brooklyn da yankin Rockland, jihar ta soke uzurin addini, saura uzurin lafiya kaɗai wanda likita zai rubuta.

Katin rigakafin da aka zo da shi daga gida yana da amfani ƙwarai, kuma kuskure ne a bar shi a akwati a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Sai dai da wuya ya wadatar shi kaɗai. Rigakafin ƙarambau da na hangum ba sa cikin jerin da aka saba yi wa jarirai a asibitocin gwamnati na ƙasashenmu. Haka nan ɗigon shan-inna na baki da aka ba yaro daga watan Afrilun 2016 zuwa yau ba a lissafa shi a Amurka, saboda a lokacin ne aka sauya nau'insa a duniya, sai wanda aka yi da allura. Shawarata ita ce a kai katin wurin likitan yara tun cikin Yuli ko farkon Agusta, kafin asibitoci su cika, a haɗa da gwajin lafiyar da ake nema ga kowane sabon ɗalibi. Yaron da ya fara karɓar alluran kuma yake da ranakun cikon sauran ana barinsa ya ci gaba da karatu. Akwai shirin tarayya da ke ba da alluran kyauta ga yaran da ba su da inshorar lafiya.

Game da harshe, za a ba iyaye takardar tambaya kan harshen da ake magana da shi a gida. Ya dace a rubuta Hausa idan Hausa ce, ba tare da fargaba ba, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar Lau da Nichols wajibi ne makaranta ta taimaki yaron da bai iya Turanci ba. Iyaye ma suna da haƙƙin neman tafinta kyauta, bai kamata a mai da yaron kansa tafinta a zaman da ya shafe shi ba.

Nauyin da ke kan iyaye shi ne halarta. Karatu tilas ne daga shekara 6 zuwa 16 a jihar, a cikin birnin kuwa har ƙarshen shekarar karatun da yaro ya cika 17. Wanda ya rasa kashi goma cikin ɗari na ranakun karatu, wato kimanin kwana 18 a shekara, ana ɗaukarsa mai yawan fashi, kuma idan abin ya yi tsanani ba tare da dalili ba yana iya kaiwa ga hukumar kula da yara. Wannan ya shafi iyalan da ke tafiya gida hutu su dawo a watan Oktoba saboda tikitin jirgi ya fi sauƙi a lokacin; rahusar ba ta kai makonnin farko da yaron zai rasa ba. Birnin ya sanya ƙaramar Sallah da babbar Sallah cikin ranakun hutun makarantu tun 2015, kuma abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2017. Idan ranar Sallar da masallacinku ya tsayar ta saɓa da wadda ke cikin kalandar makaranta, sai a aika wa malamin aji takarda, domin fashi saboda ibada uzuri ne karɓaɓɓe.