Molli: jirgin ƙasa mai tururi na gaɓar Tekun Baltik

Molli jirgin ƙasa ne mai aiki da kwal da tururi a jihar Mecklenburg-Vorpommern da ke arewacin Jamus. Yana tashi daga Bad Doberan, yamma da birnin Rostock, ya ratsa Heiligendamm, ya ƙare a Kühlungsborn. Tsawon layin kilomita 15.4 ne, tafiyar kuwa kimanin minti 40. Faɗin tsakanin ƙarafunan dogon milimita 900 ne, alhali na manyan layukan Jamus milimita 1,435 ne, shi ya sa ake kiran irinsa ƙaramin layi.

Wankan teku shi ya haifar da layin. Tun 1793 aka kafa Heiligendamm, wurin shaƙatawa na bakin teku na farko a Jamus, inda sarakunan Mecklenburg da masu hannu da shuni ke zuwa lokacin zafi. Kamfanin Lenz na garin Stettin ya shimfiɗa dogon, aka buɗe shi ranar 9 ga Yuli, 1886, da tsawon kilomita 6.6 daga Bad Doberan zuwa Heiligendamm, kuma da farko a lokacin zafi kaɗai yake aiki. Gwamnatin Mecklenburg ta karɓe shi a 1890. A 1910 aka ƙara shi zuwa Brunshaupten da Arendsee, garuruwan da aka haɗe a 1938 suka zama Kühlungsborn.

Abin da ya fi jan hankalin baƙi shi ne ratsawar da jirgin ke yi ta tsakiyar Bad Doberan, a kan titin mota, dab da shaguna da wuraren cin abinci, yana tafiya sannu a hankali yana kaɗa ƙararrawa. Wannan ƙuncin titi kuma shi ya karya cinikin dakon kaya. A wasu ƙananan layuka ana ɗora taragon babban layi kan wani ɗan tarago a wuce da shi, amma nan ba hali, sai dai a sauke kaya a Bad Doberan a sake lodi. Da manyan motoci suka yawaita, aka daina dakon kaya a 1969.

Kawunan jirgi uku da ke ɗaukar nauyin aikin, kamfanin Orenstein & Koppel ne ya ƙera su a 1932. Kowane na da ƙafafu takwas masu ja, yana ɗauke da ruwansa da kwal ɗinsa a jikinsa, kuma an ƙera shi don gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne babba ga ƙaramin layi. A 2009 masana'antar jiragen tururi ta garin Meiningen ta kammala na huɗu, mai lamba 99 2324, bisa tsarin na 1932. Dalilin a bayyane yake: tukunyar tururi tana tara dattin ruwa, zafi na cin bututunta, dole lokaci-lokaci a ajiye kai guda don babban gyara, jirgin kuwa kullum yake aiki, rani da hunturu.

Bayan haɗewar Jamus, kamfanin Mecklenburgische Bäderbahn Molli ya karɓi layin daga kamfanin jiragen ƙasa na tarayya ranar 1 ga Oktoba, 1995, kuma ƙananan hukumomin yankin na cikin masu shi. A 2007, lokacin taron ƙasashen G8, wato manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu, a Heiligendamm, Molli ne ya yi jigilar 'yan jarida daga Kühlungsborn. Gidan tarihin layin yana tashar Kühlungsborn West.