Zaɓen Rabin Wa'adi na Amurka na 2022 da Taƙaddamar da Ta Biyo Bayansa

Zaɓen rabin wa'adi shi ne wanda Amurkawa ke yi bayan shugaban ƙasa ya cinye shekara biyu daga cikin huɗunsa. A ranar ana zaɓen dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kusan kashi ɗaya bisa uku na kujeru 100 na Majalisar Dattawa, da gwamnonin jihohi 36. Sunan shugaban ƙasa ba ya kan takardar ƙuri'a, amma kowa ya san aikinsa ake aunawa. Na 2022 an yi shi ranar Talata 8 ga Nuwamba, lokacin Joe Biden na jam'iyyar Democrat yana kan mulki. An fi tunawa da shi saboda gagarumin rinjayen da aka yi hasashen jam'iyyar Republican za ta samu bai samu ba, da kuma cacar bakin da ta ɓarke a cikin jam'iyyun biyu kan inda ya kamata kowace ta dosa.

Abin da aka saba gani

A al'ada jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke shan kaye a irin wannan zaɓe. A 1994, zamanin Bill Clinton, 'yan Republican sun ƙara kujeru 54 a Majalisar Wakilai, suka karɓe ta bayan shekara arba'in ba su riƙe ta ba. A 2006 yaƙin Iraki ya ja wa George W. Bush asarar majalisun biyu. A 2010 jam'iyyar Barack Obama ta rasa kujeru 63. Jam'iyya mai mulki ta ƙara kujeru a 1934 da 1998 da 2002, amma waɗannan tsiraru ne.

Don haka masu hasashen 2022 ba su yi wauta ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yunin shekarar, abin da rabon a ga irinsa kusan shekara arba'in, man fetur ya yi tsada, farin jinin Biden kuma ya yi ƙasa. 'Yan Republican suka yi ta maganar jar guguwa da za ta share 'yan Democrat, kasancewar ja ne launin jam'iyyarsu.

Sakamako

Guguwar ba ta zo ba. 'Yan Republican sun karɓi Majalisar Wakilai da kujeru 222, 'yan Democrat na da 213, rinjaye siriri da sai da aka yi fiye da mako guda ana ƙirga kafin ya tabbata. A Majalisar Dattawa kuwa 'yan Democrat har ƙari suka samu: John Fetterman ya kayar da likitan talabijin Mehmet Oz a Pennsylvania, Raphael Warnock ya doke tsohon ɗan wasa Herschel Walker a zagaye na biyu a jihar Jojiya ranar 6 ga Disamba, ɓangarensu ya koma 51 da 49. A takarar gwamna, 'yan Republican Kari Lake a Arizona da Doug Mastriano a Pennsylvania, waɗanda duk suka riƙa cewa an yi wa Donald Trump maguɗi a 2020, sun faɗi.

Jihohi biyu sun fita daban. A Florida gwamna Ron DeSantis na Republican ya sake cin zaɓe da ratar kusan kashi 19 cikin ɗari, har da gundumar Miami-Dade da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa. A New York 'yan Republican sun ƙwace kujeru da dama ta hanyar yin kamfe a kan matsalar aikata laifuka, har Sean Patrick Maloney, wanda shi ne jagoran yaƙin neman zaɓen 'yan Democrat na Majalisar Wakilai, ya rasa tasa kujerar. Ba don kujerun waɗannan jihohi biyu ba, da wuya majalisar ta canza hannu.

Rikicin cikin gida na Republican

Tun kafin a gama ƙirga aka fara nuna wa juna yatsa, a Twitter da gidajen talabijin da shafukan jaridu. Ɓangare na farko ya ɗora wa Trump laifi. Hujjarsu ita ce shi ya zama ubangidan 'yan takara irin su Oz da Walker da Lake, ya ɗaga hannunsu a zaɓen fidda gwani, alhali ba su da karɓuwa wajen masu zaɓe 'yan ba-ruwanmu. Jagoran sanatocin jam'iyyar, Mitch McConnell, ya riga ya yi gargaɗi tun watan Agusta cewa ingancin ɗan takara na iya hana su Majalisar Dattawa. Jaridar New York Post ta Rupert Murdoch, wadda ta daɗe tana tare da Trump, ta sa hoton DeSantis a shafin farko a matsayin makomar jam'iyya, washegari kuma ta yi wa Trump ba'a.

Magoya bayan Trump ba su yi shiru ba. Suka ce McConnell ne ya riƙe kuɗin kamfe, ya ƙi zuba su inda ake bukata kamar Arizona, kuma jam'iyyar ba ta fito da wani tsari da za ta nuna wa jama'a ba. Sanata Rick Scott ya ƙalubalanci McConnell a zaɓen shugabancin sanatocin, ya sha kaye da ƙuri'a 37 da 10. Trump kansa bai jira ƙura ta lafa ba: ranar 15 ga Nuwamba ya ayyana takarar shugaban ƙasa. Daga baya ya rubuta a dandalinsa na sada zumunta, Truth Social, cewa ba laifinsa ba ne, batun zubar da ciki ne 'yan jam'iyyar suka kasa sarrafawa, musamman masu cewa a haramta ba tare da togaciya ba.

A nan yana da 'yar gaskiya. Ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da damar zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta mayar wa jihohi ikon yanke shawara. A watan Agusta jihar Kansas, wadda 'yan Republican suka fi ƙarfi a cikinta, ta yi watsi da yunƙurin cire wannan dama daga kundin tsarin mulkinta, a Nuwamba kuma Kentucky ta bi sahu. Abin da Trump bai ambata ba shi ne uku daga cikin alƙalan da suka yanke hukuncin shi ya naɗa su.

Akwai kuma gardama ta uku da ba ta yi ƙara kamar sauran ba, amma ta fi su tasiri a aikace: jam'iyyar ta shafe shekara biyu tana ce wa magoya bayanta kada su yarda da ƙuri'ar gidan waya da ta wuri, yayin da 'yan Democrat ke tara ƙuri'unsu makonni kafin ranar zaɓe. Bayan 2022 shugabannin jam'iyyar suka juya, suka fara roƙon mutanensu su yi zaɓe da wuri.

Ɓangaren Democrat

Su murna ce ta fi yawa, kuma ita ta rufe bakin masu tambaya. Masu ra'ayin sauyi suka ce kare 'yancin mata da dimokuraɗiyya ne ya fito da matasa. Masu matsakaicin ra'ayi suka nuna New York, suka ce muddin jam'iyyar ba ta da amsa kan tsaro da tsadar rayuwa, asara na nan tafe. Suka kuma tuna wa kowa cewa a jimillar ƙuri'un Majalisar Wakilai 'yan Republican ne a gaba da kusan kashi uku cikin ɗari. An yi sa-in-sa kan wata dabara mai ƙaiƙayi da jam'iyyar ta yi, ta kashe kuɗi wajen tallata 'yan Republican masu tsattsauran ra'ayi a zaɓen fidda gwani don a samu abokin hamayya mai sauƙin kayarwa. A Michigan an yi haka da John Gibbs, ya kayar da Peter Meijer, ɗaya daga cikin 'yan Republican goma da suka goyi bayan tsige Trump a 2021, sannan Gibbs ɗin ma ya faɗi a babban zaɓe. Dabarar ta ci, amma wasu 'yan jam'iyyar sun ce ba ta dace da masu iƙirarin kare dimokuraɗiyya ba.

Nancy Pelosi ta sauka daga shugabancin 'yan Democrat a Majalisar Wakilai, Hakeem Jeffries ya gaje ta, baƙar fata na farko da ya jagoranci wata jam'iyya a majalisar. Maganar shekarun Biden, wanda ya cika tamanin a wannan watan na Nuwamba, ta yi sanyi, a Afrilun 2023 ya ce zai sake tsayawa.

Abin da ya biyo baya

Ƙaramin rinjayen ya ba wa 'yan tsirarun masu tsauri damar juya majalisa. Sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 a Janairun 2023 kafin Kevin McCarthy na Republican ya zama kakakin Majalisar Wakilai, a watan Oktoba kuma 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗa kai da 'yan Democrat suka tuɓe shi, abin da bai taɓa faruwa da wani kakaki ba.

Manyan darussa biyun da aka ɗauka daga zaɓen ba su yi ƙarko ba. Waɗanda suka ce zamanin Trump ya wuce sun ga DeSantis ya janye daga takarar shugaban ƙasa a Janairun 2024 bayan zaɓen fidda gwani na Iowa. Waɗanda suka ce sakamakon ya nuna Biden na da ƙarfi sun ga ya janye ranar 21 ga Yuli 2024, Kamala Harris ta maye gurbinsa, Trump ya lashe zaɓen Nuwamba, jam'iyyarsa kuma ta riƙe Majalisar Wakilai ta karɓe ta Dattawa.