Waiwaye: yadda ruwa da dangin sabulu suka koma ɗakin haɗa magani

Ina yaro a Tawa, idan sabulu ya ƙare a gida, innata takan sassaƙo ɓawon aduwa ta daka, ta jiƙa shi a ƙwarya, ta kaɗa da hannu har kumfa ta taso. Da wannan ruwan take wanke tukunyar da ta sha man gyaɗa. Na taɓa tambayarta, "Inna, ina man ya tafi?" Ta ce, "Ruwa ya cinye shi, miƙo kwanon can." Sai da na shiga ajin kimiyya a Yamai na gane man bai tafi ko'ina ba, ɓuya ya yi a cikin ruwan. A kan wannan ɓuyar ne wasu masana suka gina sabuwar hanyar haɗa magunguna, wadda ke neman raba masana'antu da ruwan narkarwa mai guba, wato sinadarai masu ruwa-ruwa irin su tina da ake narkar da kayan haɗi a cikinsu.

Da ruwa aka fara aikin haɗa sinadarai. A 1828 Bajamushen nan Friedrich Wöhler ya samu yuriya, wadda manomanmu suka sani a buhun taki, ta hanyar ƙafar da wani gishiri da ya narkar a ruwa. Amma da aikin ya yi nisa sai aka juya wa ruwa baya. Yawancin sinadarai masu kabon halin mai gare su, ba sa narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba da wuya ya haɗu da ɗan'uwansa. Sannan a 1900 Victor Grignard na birnin Liyon a Faransa ya fito da sinadaransa na maganiziyom, waɗanda suka buɗe babbar ƙofa wajen ɗinka kabon da kabon, amma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kashe su. Daga nan ɗalibi ya tashi da karatun gasa kwalabe a tanda don kore laima, yana aiki da eta, da benzin, da kulorofom, da sauran ƴan uwan tinar da masu fenti ke tsinka fenti da ita.

Na yi aiki a wani ɗakin gwaji da injin zuƙe tururinsa ya lalace. Tagogi muke buɗewa. Kafin azahar kai ya ɗau ciwo, warin kuma ya bi ka har gida a cikin riga. A lungu akwai jarkoki da ake tara ragowar ruwan narkarwa, kuma har na bar wurin ban ga ranar da aka zo ɗaukarsu ba. Wannan ƙaramin ɗaki ke nan. A masana'anta abin tankoki ne.

Wanda ya sa wa ɓarnar lamba shi ne Roger Sheldon, a farkon shekarun 1990. Tambayarsa mai sauƙi ce: kilo nawa na shara ake bari kafin a samu kilo ɗaya na abin da ake so? A matatar mai bai kai kilo ɗaya ba. A kamfanonin magani kuwa ya kama daga kilo 25 zuwa sama da 100, kuma kaso mafi tsoka na sharar nan ruwan narkarwa ne, wanda daga fetur ake samo shi, a yi aiki da shi, a ƙarshe sau da yawa a ƙona. Ga kuma lafiyar ma'aikata. An tabbatar benzin yana jawo sankarar jini. DMF da NMP, wasu nau'o'in ruwan narkarwa da ake ji da su wajen haɗa magani, suna cutar da ɗan tayi, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙuntata amfani da NMP daga 2020, DMF kuma daga 2023.

Ruwa ya fara dawowa ne a 1980, lokacin da Ronald Breslow na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya nuna cewa wani sanannen haɗi ya fi sauri fiye da sau 700 a cikin ruwa a kan yadda yake tafiya a ruwan narkarwa mai kama da fetur. Dalilin yana da daɗin ji: ruwa ba ya son maiƙo, sai ya tattara ƙwayoyin masu maiƙo ya matse su wuri guda, dole su haɗu. A 1984 wata masana'anta a Obahawzin ta Jamus ta fara sarrafa sinadari da katalis ɗin da ke zaune a cikin ruwa, wato abin da ke hanzarta haɗi ba tare da shi ya ƙare ba. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka jera ƙa'idoji 12 na kimiyyar da ba ta cutar da muhalli, ta biyar kuma kan ruwan narkarwa take. Duk da haka tsohuwar matsala tana nan: kayan haɗin magani ba sa narkewa a ruwa.

A nan ne ƙwaryar innata ta shigo. Ƙwayar sabulu kamar ashana take, kai yana son ruwa, jela tana son mai. Idan suka yi yawa a ruwa sai su dunƙule, jelolin su kutsa ciki, kawunan su fuskanci waje. Ɗan dunƙulen nan shi ake kira misel, kuma tun 1913 James McBain na Biristol a Ingila ya yi bayaninsa. Cikinsa maiƙo ne, wajensa ruwa. Haka ma jikinmu ke yi: ruwan matsarmama yana ƙulla irin waɗannan dunƙulen a hanji don ya kwashi kitsen da muka ci. Tunanin da aka yi shi ne, in cikin misel zai riƙe man gyaɗa, zai riƙe kayan haɗin magani da katalis ɗinsu, ya zama ɗan ɗakin haɗi yana yawo a ruwa.

Sabulun wanki ba zai yi wannan aikin yadda ake so ba, don yana da kaifin toka, kuma ruwa mai gishiri yana tsinka shi. Sai da aka ƙera na musamman. Bruce Lipshutz na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara ya fara da wani mai suna PTS a 2008, sannan a 2011 ya fito da TPGS-750-M, wanda jelarsa bitamin E ce. A shekarar ya samu lambar yabo ta shugaban Amurka kan kimiyya mai tsabta. Kashi 2 cikin ɗari kawai ake zubawa a ruwa. Misel ɗinsa bai wuce nanomita 50 zuwa 60 ba, wato sai an jera wajen dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Da yake kayan haɗin sun cunkushe a ɗan wuri, haɗin da a da sai an tafasa yanzu yana tafiya a zafin ɗaki ko a digiri 45, zafin da muke kwana mu tashi da shi a Yamai cikin watan Afrilu. Faladiyom, ƙarfen nan mai tsada da ake ɗinka kabon da shi a haɗin Suzuki wanda ya ci kyautar Nobel a 2010, an rage yawansa matuƙa a wasu haɗe-haɗen. Idan an gama, sau da yawa abin da aka haɗa yakan kwanta a ƙasa a tace shi, ko a ciro shi da ɗan ruwan narkarwa kaɗan, ruwan sabulun kuma a sake aiki da shi.

Da farko masana'antu sun yi ɗari-ɗari. Abin ya sauya da kamfanin Novartis na Bazel a Suwizalan ya bayyana a 2016 cewa ya haɗa wani sinadarin magani da wannan hanya, matakai da dama a jere, kuma ya ga ragin shara da kuɗi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne rukunin Lipshutz sun gwada dabarunsu a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, har da fironaridin da ake haɗawa da atesunet. Duk wanda ya shiga asibitin yara a watan Satumba ya san me ragin kuɗin irin wannan magani yake nufi.

Sai dai kada a ce ruwa ne, an huta. Tun 2007 Donna Blackmond da abokan aikinta suka ja kunne cewa ruwan da aka yi haɗi a ciki ya zama gurɓataccen ruwa, kuma tsarkake shi na iya cin wuta da kuɗi fiye da tace ruwan narkarwa a sake amfani da shi. Gaskiya suka faɗa. Dangin sabulu suna ƙulla mai da ruwa su ƙi rabuwa, wanda ke wahalar da mai tacewa, kuma akwai haɗin da har yau ba ya jure laima ko kaɗan. Mu ne ya kamata mu fi kowa jin wannan jan kunnen. Mutumin Azawak da ke jan guga daga rijiya mai zurfin gaske ba zai yarda ruwa abu ne na banza ba, haka mai lambun da ke ban ruwa daga kogi a ƙasan Gamkalle. Duk masana'antar da za ta zo mana da wannan hanya, tambayar farko da zan yi mata ita ce sau nawa take maimaita ruwanta, kuma ina take zubar da na ƙarshe.

Duk da haka ina ganin hanyar ta fi dacewa da mu a kan tsohuwar. A Nijar ba mu da teku. Kowace ganga ta eta ko asiton sai ta sauka a tashar jirgin ruwan wata ƙasa, ta hau babbar mota ta yi kwanaki a rana, alhali abu ne mai kama wuta. Kwalba ɗaya ta dangin sabulu kuwa za ta yi aikin ganguna. Yawancin magungunan da ke kantunanmu daga waje suke zuwa, kuma ranar da za mu fara haɗa sinadarin da kanmu, babu dalilin da zai sa mu bi ta kan jarkokin da wasu ke ƙoƙarin rabuwa da su.

Wata ɗaliba ta tare ni bayan darasi ta ce, "Malam, to kumfar aduwa fa, ba za ta yi ba?" Abin da ke sa aduwa kumfa shi ake kira safonin, kuma shi ma kai da jela gare shi, yana ƙulla misel. Na ce mata tambayar ta cancanci a kai ta sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdou Moumouni a gwada. Gwajin farko bai buƙatar injin zuƙe tururi, sai kwalabe, da ma'auni, da abin juyawa, da ruwa mai tsabta. Ta rubuta a littafinta, ta ce idan ta je hutu ƙauyensu za ta taho da ɓawon da ƴaƴan duka.